Ɗigon Tawadata a Fuskar Agogon Baba

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana, yau dai na daure. Ni 'yar Kabo ce, aure ne ya kai ni Gwarzo. A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya, wadda ta gama sakandare ta zauna a ɗakinta, ba na fita sai islamiyya ko dubiya ko gaisuwa. Mutane suna cewa ina da tausayi, ko kaza aka yanka sai na kau da kai. Amma ina da wani hali da nake ɗauka baiwa ce zalla, wato ido. Ba abin da zai wuce ta gabana ban lura da shi ba. Mahaifina malamin allo ne kuma marubucin Alƙur'ani, irin waɗanda ke feƙe alƙalaminsu su dafa tawadarsu da kansu. Tun ina ƙarama nake zama gefen buzunsa ina riƙe masa kurtun tawada, har hannuna ya ɗauki rubutun Larabci fiye da na manyan ɗalibansa. Yakan ɗaga allona ya nuna musu, ya ce su dubi yadda mace ke zaunar da harafi kamar an haife shi a wurin.

Maigidana malamin firamare ne. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, albashi ya koma sai an ga dama, sai ya koyi gyaran agogo ya kafa ɗan tebur mai gilashi a bakin kasuwa. Aikin da bai gama ba yakan shigo da shi gida, ni kuma ina tsintar shinkafa ina leƙe. A haka na san yadda ake gane jabu. Agogon kirki yana da nauyi a tafin hannu, na jabu kuwa kamar murfin gwangwani. Ruwan zinaren jabu yana fara koɗewa ta inda gumi ke taɓawa. In aka yi alwala da shi sai gilashin ya yi raɓa daga ciki. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne rubutun fuskar agogo. In na sa ɗan madubin da yake maƙalawa a ido, nakan ga bakin harafin mai tsada a yanke tsaf, na jabu kuma ya malala kamar lallen da aka ƙunsa da gaggawa. Har ta kai in wani babban mutum ya kawo agogo a duba masa, maigidana sai ya ce a ba shi zuwa gobe, ya shigo yana dariya yana cewa ga aiki ya zo wa sufeto. Ina jin daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, rubutun Larabci ya yi kasuwa. Kowane mai shago yana son allon ƙofarsa da Larabci, masu motoci ma haka, mata kuma suna son a zana musu abin da za su bi da zare a jikin matashi da labule. Masu fenti sukan aiko ta hannun maigidana in rubuta musu a takarda su je su kwaikwaya. A cikin haka wani ɗan kasuwa da ke saro kaya daga ƙasashen waje, wanda maigidana ke yi wa gyara, ya nemi in zana masa fuskar agogo da lambobin Larabci. Ya so a sa sunan Allah a tsakiya, na ƙi, na aika masa cewa agogo abu ne da ake shiga banɗaki da shi. Muka daidaita a kan sunan Madina. Ina cikin ja da alƙalami, autata da ke koyon tsayuwa ta dafa gwiwar hannuna, tawada ta ɗiga ƙarƙashin harafin ƙarshe. Mutumin yana zaure yana jira, farar takarda mai kaurin kuma ita ke nan. Sai na sa tsinin alƙalami na ja ɗigon nan, na mai da shi ɗan ganyen dabino mai karkata hagu. Ya gani ya yaba, ya ce kamar da gangan. Ya ce na kayan shagonsa ne, ban tambayi inda zai kai ba, ban kuma sake jin labarinsa ba.

Ina da ƙane guda ɗaya namiji, mutum mai barkwanci da saurin sabo. Wahalar shekarun nan ta fitar da shi daga makaranta, ya bi wasu ya tafi Saudiyya yana saurayi. Ya yi aikin Hajjinsa, ya maƙale yana talla a can har aka kamo shi aka dawo da shi, ba komai a hannunsa sai jallabiya da guntun Larabcin kasuwa. Ya taɓa karɓar kuɗin gyaɗar Baba ya shiga fatauci ya dawo hannu biyu. Mutanen gari suna ce masa Alhaji suna murmushi, ni kuwa ban taɓa kiransa da shi ba, sai dai in ce kai yaro. Shi kuma yana ce mini Yaya 'yar boko, wai ko tuwo aka ba ni sai na duba ko na jabu ne. Ina sonsa ƙwarai, amma a ƙasan zuciyata na riga na ajiye shi a sahun waɗanda ba a ba su amana.

Da mahaifiyarmu Inna ta kwanta ciwon ajali, ta bar wasiyya cewa a sayar da shanunta da ke wurin danginta a Durun a yi mata aikin Hajji. Wannan wasiyya ta zauna wa Baba a ƙirji. Idonsa ya riga ya tafi saura kaɗan, ƙafa ma ta ƙi, ba zai iya zuwa da kansa ba. A gidan kuma ƙanena kaɗai ne ya taɓa sauke nasa faralin, don haka shi ya cancanta ya je a madadinta. Aka sayar da shanun aka damƙa masa kuɗin. Kafin a gama haɗa kuɗin, kujerun Hajji na ƙaramar hukuma sun ƙare, sai ya bi jirgin yawo daga Kano, shi kaɗai, babu ko mutum ɗaya daga Kabo a tare da shi. A shekarun nan kuma ana yawan ba da labarin waɗanda ke karɓar kuɗin Hajjin mamaci su laɓe a wani gari, in alhazai sun fara dawowa su sayi tsaraba a Kano su shigo gida da farar hula. Tun ranar da ya tafi wannan labarin yake kai-komo a kaina, ina korarsa da istigfari yana dawowa.

Ranar da ya dawo, gidanmu ya cika, ana rabon zamzam da dabino da carbi. Ya durƙusa gaban Baba ya ɗaura masa agogo mai ruwan zinare, ya ce a Madina ya saya, a wani layi da ke kallon masallacin Annabi, mai shagon har da rantsuwa cewa na wani babban kamfanin Turai ne da aka yi musamman don Larabawa. Baba ya kai agogon kunnensa ya saurara, ya yi ta murmushi, ya ce yau nauyin Inna ya sauka daga wuyansa, ko yanzu aka kira shi ya shirya. Sai ya kwance ya miƙo mini, ya ce ke mai ido, karanta mini abin da aka rubuta. Yana sauka a tafina na san jabu ne, ba nauyi ko kaɗan. Wannan bai dame ni ba, kowa ana iya cutarsa. Na matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ga sunan kamfanin Turawan a sama da haruffa masu malala, ga lambobin Larabci, ga sunan Madina a tsakiya. A ƙarƙashin harafin ƙarshe kuma ga ɗan ganyen dabino mai karkata hagu. Na ce wa Baba an rubuta Madina, na mayar masa, na fita tsakar gida na tsaya ban san abin da na fito yi ba.

Na koma Gwarzo amma hankalina bai koma ba. In na zauna sai na miƙe, in na miƙe sai na rasa inda zan nufa. Na zuba gishiri sau biyu a miya, na bar tuwo ya kama, a salla ma sai in rasa raka'a ta nawa nake. Lissafina ɗaya ne, kuma a ganina ba shi da ɓaraka. Ni na zana wannan fuskar a ɗakina, ɗan kasuwan Kano na ba, kuma na san a Kano akwai masu canja wa agogo fuska a bayan shaguna. To me zai kai zanen matar Gwarzo Madina? Ashe a Kano ya saya. In kuwa ya yi ƙarya a kan agogo, me zai hana ya yi a kan tafiyar gaba ɗaya? Na gaya wa maigidana. Ya yarda cewa jabu ne, ya yarda cewa hannuna ne, amma ya ce in tsaya a nan. Ya ce alhazai nawa ne ke cikasa tsarabarsu a Kano don sauƙi, wataƙila yaron ya ƙara gishiri ne don ya faranta wa tsoho. Ya ce sufeto, aikinki agogo ne, ba zuciyar mutane ba. Na ce masa ba uwarsa ba ce ke kwance a kabari tana jiran Hajjinta. Na ga maganar ta soke shi, amma ban janye ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa don Inna nake yi, kuma yanzu zamanin gaskiya ne, ba a rufa wa mai cin amana asiri.

Na matsa har ya bar ni na tafi Kabo. Na same su bayan la'asar a ɗakin Baba, ƙanena yana yanke masa farce. Yana ganina ya ce ga Yaya ta dawo karɓar ragowar dabino, a ɓoye buhun. Ban yi dariya ba. Na tambaye shi a ina ya sayi agogon, ya maimaita abin da ya faɗa. Na ce to ni na rubuta abin da ke fuskarsa, a ɗakina, ga yadda aka yi ganyen dabinon ya samu. Ya karɓi agogon ya duba, ya tuntsire da dariya, ya ce ashe hannun Yaya ya riga ƙafarta zuwa Madina, sai a fara ce wa hannun Hajiya. Wallahi da na tsaya na saurari wannan wasan nasa da na tsira, don gaskiyar maganar ke nan. Amma dariyar ta ƙara tunzura ni. A gaban mahaifinmu na dube shi na ce ya faɗa mana tsakaninsa da Allah, ya je ko bai je ba.

Ya ajiye rezar, ya fita, ya dawo da fasfonsa ya jefa a cinyata ya ce in duba hatimin tunda ni ce mai ido. Ban ko buɗe ba. Na ce wanda ya iya samo agogon jabu ai hatimin jabu ba zai gagare shi ba. Har yau in na tuna wannan jimla sai na ji kamar in tsinke harshena. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya fita ya yi alwala, ya shigo hannunsa na ɗigar da ruwa, ya sauko da gafakar da ke rataye, wadda ke ɗauke da Alƙur'anin da Baba ya rubuta da hannunsa. Baba yana lalube yana cewa kada ya yi, kada ya yi, bai kai nan ba. Ya ɗora hannu ya rantse cewa ya yi harama da sunan Inna, ya tsaya Arfa, ya yi jifa, ya yi ɗawafi, bai bar komai ba. Baba ya ce shi ke nan, wanda ya rantse an gaskata shi, kada ya sake jin maganar a gidansa. Amma ina kallo ya kwance agogon ya tura ƙarƙashin matashinsa, bai kuma sake ɗaurawa ba.

Abin da na shuka bai mutu da rantsuwar ba. Baba ya gaskata ɗansa da baki, na kuma san ya yi ƙoƙarin gaskata shi da zuciya, amma mutum ne da ya yarda da idona fiye da nasa tun yana gani. Duk Alhajin da ya shigo gaishe shi, bayan an gama gaisuwa sai ya sassauta murya ya tambaya ko ya haɗu da yaronsa a Mina. Su kuma su ce Malam ai taron ya fi ƙarfin a ga kowa. Ba sauran shanu balle a sake tura wani. Ya rage cin abinci, ya rage hira. In na je sai ya kama hannuna ya ce ke mai ido, kin tabbata? Ni kuma in ce na tabbata tawadata ce. Ina ganin wannan amsar adalci ce, ban ƙara ba ban rage ba, alhali kullum ƙara masa dutse nake a ƙirji. Ƙanena ya ci gaba da yi masa hidima, shi ke kai shi banɗaki, shi ke wanke masa kaya, amma barkwancin nan ya ɗauke. In na shigo ya gaishe ni a taƙaice ya fita. Baba ya rasu da damina, kafin wani aikin Hajjin ya zagayo.

Bayan alhazan shekarar sun dawo, wata rana maigidana ya shigo da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ya buɗe tafina ya sa mini agogo. Gilashin ya yi raɓa daga ciki, amma ta cikin raɓar ina hango ganyen dabinona. Ya ce na maƙwabcinmu ne, matarsa ce ta kawo masa tsaraba, alwala ɗaya ya sha ruwa. Ko mayafi ban daidaita ba na shiga gidan. Matar 'yar Madadi ce, mun yi mata rakiya mun ga tashinta da idonmu, tare da matan unguwa ta tafi ta dawo. Na tambaye ta inda ta saya. Ta ce a Madina mana, da hannunta, ai tuli ake yi da su a faranti a ƙofar shaguna kamar tumatir, a Makka ma ta gan su. Tana dariya tana cewa ɗan banzan mai shagon har rantse mata ya yi wai na Turai ne. Daga baya maigidana ya bincika wurin 'yan kasuwa, aka ce masa ai irin wannan zanen ƙasar Sin ake kai shi, in masana'anta ta buga wa mutum ɗaya sai ta ci gaba da buga wa duk wanda ya zo, a liƙa sunan kamfanin da aka ga dama, a watsa duniya. Hujjata guda ɗaya tak, wadda na tsaya a kanta na sa ƙanena ya dafa Alƙur'ani, ta narke a hannuna.

Washegari na tafi Kabo. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran buhunan masara. Ni da na goya shi, na durƙusa a gabansa a kan ƙasa, na kira shi Alhaji karo na farko a rayuwata, na gaya masa komai. Ya yi saurin cewa Yaya tashi, mutane na gani. Ya ce shi ya yafe tun ranar da aka binne Baba, don ba ya son ya riƙe 'yar'uwarsa guda. Sai ya ce abu ɗaya ne ke ci masa rai. Wai a Arfa ya yi ta kiran sunan Inna yana addu'a har muryarsa ta dushe, ya tanadi labarin zai riƙa ba Baba kaɗan-kaɗan, amma tun daga ranar nan duk sanda ya buɗe baki sai ya ji kamar kare kansa yake yi, sai ya haɗiye. Ya ce labarin 'yar Madadin nan ya yi daɗi, amma wanda ya kamata ya ji shi yana ƙarƙashin ƙasa.

Shekaru sun wuce. Muna zumunci, 'ya'yanmu suna kwana gidajen juna, amma bai sake ce mini Yaya 'yar boko ba, ni kuma ba abin da nake kewa kamar wannan tsokanar. Abin da na koya shi ne, mutum yana iya yin daidai a kan abin da idonsa ya gani, ya yi mummunan kuskure a kan abin da ya gina a kai. Agogon jabu ne, rubutun nawa ne, duk ban yi ƙarya ba. Amma daga nan zuwa cewa ƙanena ya ci amanar mahaifiyarmu akwai tazara mai nisa, kuma ba ido ne ya tsallaka da ni ba, tsohon zaton da na daɗe ina ɓoye masa ne. Na kira shi kishin Inna, na kira shi tsayar da gaskiya, alhali ko a gaban alƙali abin da na riƙe bai isa hujja ba.

'Yan'uwana masu sana'ar hannu, masu zane da masu rubutu, ku riƙa tambayar inda aikinku zai je, don takardar da ta bar ɗakinku tana iya zaga duniya ta dawo da sunan wani a kanta, a cuci bayin Allah da ita har a ƙofar masallacin Annabi. Ku kuma da Allah ya ba kaifin lura, musamman mu mata da ake yabo da cewa ba a ɓoye mana komai, ku ji tsoron wannan yabon. In kun ga alama ku bincika a ɓoye, ku yi haƙuri, kada ku kai zarginku kunnen tsohon da ba shi da sauran lokacin jiran gaskiya ta bayyana. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa iyayena a addu'a. Ni dai duk sanda na idar da salla nakan roƙi Allah Ya isar wa Baba amsar da ya yi ta nema a bakina ban ba shi ba, cewa yaronsa ya je.